Ranar da Sarkin Noma Ya Makara

Duk lokacin da na zauna shan shayi a bakin tasha a Funtua, sai wani saurayi ya ce, "Malam Iro, ka ɗauke ni aiki mana. An ce sana'arka shanya tsofaffi ce, ka fito da su rana da safe kamar barkono, in sun bushe ka kwashe." Sai teburin duka ya ɗauki dariya. Nakan taya su dariyar, don ban ga amfanin musu da wanda ko hularsa bai iya wankewa ba. Amma yau na gaji. Zan faɗa muku yadda aikin yake, in ya so wanda ya ga zai iya ya same ni gobe da sassafe.

Aikina kula da tsofaffin maza ne masu gigin tsufa, waɗanda tunaninsu ya fara tsinkewa. Mantuwar ba ita ke kai iyali bango ba. Tsoho ya kira jikansa da sunan ƙaninsa da ya mutu tun kafin a yi kwalta, a yi dariya a wuce. Abin da ke karya gida shi ne rashin barci. Tsoho ya yini yana gyangyaɗi a ɗaki, rana na faɗuwa ya miƙe garau ya ce a miƙo masa takalmi zai tafi gona. Gida duka ya kwana a tsaye, gari ya waye kowa ido jawur, mai girki ta zuba sikari a miyar kuka. To a nan ake nemana.

Da ni leburan asibiti ne a Malumfashi, shara da tura keken marasa lafiya. A can na haɗu da Dispensa Audu, Allah ya jiƙansa, wanda bayan ya yi ritaya ya koma zagaya gidaje yana duba tsofaffi, ni kuma ina riƙe masa jaka. Shi ma wata likita ce ta koya masa abin. Ya ce a jikin kowane mutum akwai agogo, kuma haske ne ke saita shi ta ido. In tsoho ya yini a ɗaki mai duhu, agogon sai ya rikice, jiki ya kasa bambance azahar da tsakar dare. Gyaransa shi ne haske mai ƙarfi da safe, ɗan abin yi da rana don kada ya kwanta, sannan daga magariba a rage fitilu. Ya kuma ja mini kunne cewa wannan ba ya dawo da tunani, barci da sanyin rai kawai yake taimaka wa, shi ɗin ma ba kowa yake karɓa ba. Ya ce duk ranar da ya ji na yi wa wani alkawarin warkewa, zai karɓe jakarsa.

Ranar farko da ya bar ni da wani tsoho, ya ce in fito da shi hantsi. Na ce a raina wannan ai ba aiki ba ne. Na shiga na kama hannunsa na ja, shi kuma ya kama sandarsa ya sauke mini a ƙauri. Dispensa yana zaure yana cin goro, ko motsi bai yi ba. Da na fito ina ɗingishi ya ce, "Iro, tsoho ba buhun taki ba ne. Ba a fito da shi, dalilin fita ake nemo mashi."

Kayan aikin ba su da yawa. Kujera mai jingina, malafa don kada ranar ta dafa masa kai, ruwan sha, labule mai kauri na rufe taga da yamma, sai fitila. Fitilar nan faffaɗa ce kamar farantin tuwo, haskenta fari fat, ba ta zafi, batir take ci wanda ake cajinsa da sola. Ta ranar da gari ya lumshe ce, a ajiye ta a gefe, ba a kallonta kai tsaye. Sauran kayan aikin kunne ne da ya saba da zagi, wannan kuwa ba a sayar da shi a kasuwa.

Kowane tsoho da dalilinsa. Na yi wani tsohon direba a nan Funtua, ba ya zama a rana sai in na tsaya a gabansa ina kiran "Zariya! Zariya! Saura mutum ɗaya!" har wata mata ta taɓa zuwa da kayanta tana tambayar ina motar. Na yi wani dattijo Bamaguje a wajen Maska, shi duk inda karensa ya kwanta nan zai zauna, sai aikina ya koma lallaɓar kare da ƙanzo. Amma wanda ya fi kowa ba ni wahala shi ne wani Sarkin Noma a wani ƙauye bayan Ƙarfi, kuma a shekararsa ce na san cewa damina ma tana iya zama abokiyar gaba.

Babban ɗansa, Alhaji Sani, mai sayen hatsi ne a kasuwanni, shi ya zo ya ɗauke ni a babur. Na tarar da tsohon a wani ɗaki na ƙurya, tagar ba ta fi tafin hannu ba, ita ma an toshe ta da tsumma wai don sanyi. Rana tsaka amma sai da na laluba kafin na gano gadon. Matarsa ta rasu, sai matar Alhaji Sani, Talatu, ke kai masa abinci ta ajiye a bakin ƙofa, don ita suruka ce, tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa taka ɗakinsa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba.

Da yamma ta yi zai ɗauki fartanya ya fice, ba mai iya tare shi, don ƙarfinsa na nan. Da farko maƙwabta ma daɗi suka ji, mutum ya wayi gari ya ga an nome masa gona tas ba ko sisi. Har akwai wanda aka ce yana barin fartanya mai kaifi a bakin gonarsa da gangan. Daɗin ya ƙare ranar da ya shiga gonar waken suya ta wani mutum. Shi a zamaninsa ba a shuka waken suya, sai ya ɗauka ciyawa ce, ya nome ta ƙarƙaf, ya dawo yana faɗan yadda mutane suka lalace.

Alhaji Sani ya ja ni gefe ya ce, "Malam Iro, 'yan uwa sun ce a sa wa ƙofarshi kwaɗo, a riƙa rufe shi. Ni raina bai so ba, amma rafi na nan bayan gari, in ya cika ba a wasa da shi. Ka gwada naka."

Na san abin da kwaɗon ƙofa ke yi wa irin waɗannan mutane. Na taɓa ganin wanda aka rufe, ya yi ta dukan ƙofa har hannunsa ya kumbura, daga baya ya daina duka, ya daina magana, ya daina cin abinci. Ban so in sake gani ba, kuma tsoro ya kama ni sosai, don tsohon nan tun kallon farko na san ba zai yi sauƙi ba.

Washegari na kafa kujera a tsakar gida inda hantsi ke sauka, na je na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, a fito a sha hantsi." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce zaman safe na raggaye ne da masu ciwon ƙafa, shi wanne na gani a jikinsa? Na kawo rediyo, ya ce in kashe wannan mai surutun. Na kawo shayi, ya shanye a ɗaki ya miƙo mini kofi. Na ce baƙi sun zo gaishe shi, ya ce su shigo. Haka muka yi ta yi, ni a rana ina gumi, shi a duhu yana barcinsa.

Abin da ya cece ni kwandon masara ne. Wata safiya na ga Talatu ta fito da ragowar masarar bara, sai na ja kwandon daidai ƙofar ɗakinsa na zauna, na ɗaga murya na ce bari in zaɓi irin shuka. Na ɗauko wata ƙanjamammiya mai giɓi wadda ƙwari suka gama da ita, na ce, "Kai, wannan ita ce iri!" Na ajiye ta gefe. Na ɗauko wata jibgegiya mai cikar ƙwaya na ce, "Wannan ta kaji ce." Na jefar. Ban yi haka da yawa ba na ji gado ya yi ƙara. Sai ga shi a bakin ƙofa yana kare ido da hannu, cike da haushi.

"Kai! Ɗan wane ne kai? A wane gari aka haife ka da ba a noma?"

Ya fizge kwandon ya zauna a kujerar da na yi ta roƙonsa ya zauna, na lallaɓa na ɗora masa malafa bai ma sani ba. Ya ware masarar ɗaya bayan ɗaya yana nuna mini, yana haɗawa da zagi, har rana ta yi zafi na ce na gane. Da ya shiga na sake cakuɗa ta. Gobe na sake zama, na sake ɗaukar ƙanjamammiyar, shi kuma ya manta jiya, ya sake fitowa da sabon haushi. Ku da kuke cewa aikin zama ne, ku zo ku zauna a zage ku har kakanninku kowace safiya kuna cewa "Gaskiya ne, ranka ya daɗe." Har mutanen ƙauyen suka yarda cewa ni dolo ne. Wani dattijo ya tare ni a hanya ya ce cikin tausayi, "Ɗana, kai dai ka bar zancen noma, ka nemi wata sana'a."

Abu ya fara kyau. Gyangyaɗin rana ya ragu, faɗan yamma ya yi sauƙi, wani lokaci yakan yi barci ya kai tsakiyar dare kafin ya nemi fartanya. Sai marka ta sauka. Irin markar nan da gari ke wayewa kamar magariba, ruwa tsit-tsit ba ya tsayawa, wanki ya yi ta wari a kan igiya. Hantsi ya ɓace, solar ma da kyar take tara abin da fitila za ta ci. Na mayar da zamanmu zaure, na kunna fitilar a gefensa.

Yana ganinta ya tashi tsaye. "Wane almubazzari ne ke ƙona kananzir da rana?" Ya sunkuya ya fara hura ta. Ya hura, ya hura, ya canza gefe ya sake hurawa, har jiri ya ɗebe shi na tare shi. Da ya huta ya cire hularsa ya kifa mata. Na rasa yadda zan yi, sai na ce, "Ranka ya daɗe, ta malamin gona ce. Ya ce idon tsofaffi ba ya ganin ƙwarin masara sai da ita." Wannan magana ta fi zagi ciwo a wurinsa. Ya cire hular ya ce a bar ta a kunne, yau za a ga wanda zai riga gano ƙwaro tsakaninsa da fitilar malamin gona. Haka ya riƙa gasa da fitila kowace safiya, kuma kullum shi ke cinyewa.

Kuskuren da aka yi ba na mugunta ba ne. Ana suna a maƙwabta, Talatu na son kitso, mai kitson ba ta samu zuwa ba sai bayan isha'i. Ga fitila mai kyau a zaure tana zaman banza, sai aka ɗauko ta aka kafa a rumfar tsakar gida. Ni ina Funtua ban sani ba. Da na iso da safe na tarar da gidan kamar an yi gobara. Ashe tsohon ya ga haske fari fat ta ƙasan ƙofa, ya fito ya ce gari ya waye kowa ya fito gona, mai kitso ta bar Talatu da rabin kai ta gudu. Kafin a kira maza ya sulale. Sai da asuba aka gano shi a bakin rafi, ruwa ya kawo, yana tattare wando zai tsallaka.

Ban taɓa ganin Alhaji Sani cikin irin wannan hali ba. Bai yi wa kowa faɗa ba, ya dai ce, "Malam Iro, in aka fara cin ɗanyar masara bai daidaita ba, zan taho da kafinta daga Kafur ya sa kwaɗon. Gara in gan shi a rufe da in tsamo shi a ruwa." Ban ga laifinsa ba, amma ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Daga nan duk yamma nakan zare wayar fitilar in sa a aljihu in tafi da ita gida. Muka koma farko, kwando, zagi, gasa da malamin gona. Yana samun sauƙi, sai dai a hankali, wani daren ya kwana lafiya rabi, wani daren a tare shi a zaure. Masara kuwa ba ta jira ni ba, ta yi goyo, ta fitar da gemu, har na fara ganin yara da gasassa a hannu. Ranar nan da yamma Alhaji Sani ya ce mini gobe kasuwar Kafur, zai yi sammako, kuma ba shi kaɗai zai dawo ba.

Washegari laka ta tsare mai acaɓar da ya ɗauko ni, ban isa ba sai da rana ta ɗaga, ranar ma ta fito tas karo na farko bayan markar. Tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gida, maza zaune kai a sunkuye, kukan mata na tashi daga ciki. Na ƙarasa da sauri. Wani ya ce mini, "Sai haƙuri, Sarkin Noma lokaci ya yi." An riga an tura masu haƙar kabari, an buga wa Alhaji Sani waya.

Ga yadda abin ya faru. Mutumin da tunda aka san shi asuba ba ta taɓa riskarsa a kwance ba, yau ga rana ta fito ɗakinsa shiru. Talatu ta yi sallama daga bakin ƙofa, ta sake yi, ba amsa. Ta leƙa ta gefen labule ta hango ƙafafu a miƙe sambal. Shiga kuwa ba za ta iya ba, suruki ne. Ta ruga ta kira maƙwabcinsu Malam Ila, tsohon da ko ganga aka buga masa a kunne sai ya tambaya wa ke daka. Shi ne ya shiga ya kara kunne a ƙirjin, bai ji komai ba, ya yi salati ya ja mayafi ya rufe masa fuska.

Na shiga ɗakin hawaye na zubo mini, don na saba da zagin mutumin nan har ina kewarsa ranar Juma'a da ba na zuwa aiki. Na durƙusa na ɗaga mayafin. Sai gashin bakinsa ya motsa. Na kasa kunne, munshari ne siriri, mai daɗi, irin na jaririn da ya ƙoshi. Barcin da muka yi wata da watanni muna nema ne ya zo gaba ɗaya, mayafin Malam Ila ma ƙara masa daɗi ya yi.

Na fito da sanɗa na tsaya a tsakar gida na ce wa matan, "Don Allah ku yi kukan a hankali, kada ku tashe shi." Wata tsohuwa ta dube ni ta ce wayyo, da ma an ce yaron nan ba shi da cikakken hankali. Ina cikin rantse-rantse ana ba ni haƙuri, sai na ji babur a waje. Alhaji Sani ne, ido ya kumbura, da farin yadin likkafani a hammata wanda ya yanko a Kafur. Na nufi zaure da gudu in tare shi, ashe hayaniyar ta riga ta yi aikinta. Tsohon ya biyo bayana, hula a kai, fuska fes, yana miƙa.

Ban taɓa sanin dattawan ƙauyen nan na da gudu haka ba. Tabarmi suka zama wayam, takalma a warwatse, wani har ya bar carbinsa. Malam Ila kaɗai ya rage, shi bai ji komai ba, yana ta addu'a ido a rufe.

Alhaji Sani ya zube a ƙasa yana kuka. Tsohon ya dubi tabarmi, ya dubi farin yadi, ya dubi mutumin da ke kuka a ƙofar gidansa. Bai gane shi ba, ya daɗe da daina gane shi. Amma ladabin zaman makoki bai bar jikinsa ba. Ya tattare riga ya tsuguna a gabansa, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Ya haƙuri, samari? Wa aka rasa?"

Alhaji Sani ya ɗago ya dubi fuskar ubansa. Tsohon ya sake tambaya.

"Mahaifinka ne?"

Ya gyaɗa kai.

"Allah ya jiƙanshi. Manomi ne?"

"Manomi ne, ranka ya daɗe. Duk ƙasar nan babu kamarshi."

"Madalla. Kana kusa da shi da ya cika?"

"Ba ni nan. Na tafi kasuwa."

Tsohon ya girgiza kai, yana ta shafa bayan hannun ɗansa da babban yatsa. Can ya ce, "Ba komai, haka Allah ya so. Amma in akwai wani tsoho da ya rage maka a gida, ka riƙa zama kusa da shi. Ba su daɗewa."

"Akwai guda ɗaya, ranka ya daɗe."

"To ka riƙe shi da kyau."

Alhaji Sani ya kifa fuskarsa a hannun uban ya yi kuka irin wanda bai yi ba a kan hanya, ni ma na juya na fuskanci bango. Kafintan da aka yi niyyar tahowa da shi ranar bai taɓa taka gidan ba, har Allah ya karɓi ran Sarkin Noma da gaske, a kan gadonsa, ƙofarsa a buɗe.